Maijego ta rame: abincin gida, gwangwanin kanti, hulba ko sha-ka-fashe?

Wata huɗu da haihuwata ta biyu na ɗauko atamfar fitar suna zan sa zuwa biki, sai rigar ta tsaya a jikina kamar an rataye ta a ƙusa. Zoben da a da sai da sabulu yake fita, a makon nan ya zame ya faɗa bahon wanki. A gidan bikin kuwa ban kai ga zama ba sai da mata uku suka yi mini tambaya ɗaya: "Ke kuwa lafiya? Ko yaron ne yake tsotse ki haka?" Gwaggon maigidana ba ta tambaya ba, wuyana kawai ta kalla, wanda ya koma kamar mariƙin lema, ta ce, "A dinga ci dai, 'yar nan." Kafin a watse na tara shawara huɗu. Wata ta ce kunun gyaɗa da madara, wata ta ce in sa a sayo mini garin gwangwanin kanti mai suna Ensure, wata ta ce hulba, wata kuma ta ja ni gefe ta raɗa mini sunan wata ƙwaya da ake sayarwa a kyamis, irin wadda ake kira sha-ka-fashe, ta ce mako biyu kacal zan ga canji.

Idan ke ma kina tsaye a wannan mararraba, ga yadda na auna su, da abin da na gani a jikina da jikin wasu.

Abin da za ki auna kowane zaɓi da shi

Tambaya ta farko ita ce me abin yake ƙara miki, tsoka da ɗan kitse ko ruwa. Sikeli ba ya bambance su, kilo kilo ne a wurinsa, amma jikinki yana bambancewa. Ta biyu, me zai yi wa ruwan nono da jaririn da yake sha. Ta uku kuɗi, kuma na wata guda za ki lissafa, ba na ranar da aka fara da ɗoki ba. Ta huɗu, idan kika daina, jikin zai tsaya ko zai zube. Sai kuma sauƙin yi, domin mai goyo da wanki da girki ba ta da lokacin haɗin da yake cin awa biyu kullum. Na ƙarshe haɗari.

Akwai lissafi kaɗan da ya kamata ki riƙe. A ranar haihuwa kaɗai mace tana sauke kusan kilo 5 zuwa 6, nauyin jariri da mabiyiya da ruwa, wannan ba rama ba ce. Shayarwa kuma aiki ne mai cin jiki: mai ba da nono zalla tana fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a rana. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta cewa mai shayarwa a watanni shida na farko tana buƙatar ƙarin kalori 505 a rana idan jikinta a cike yake, idan kuma dama ramammiya ce, 675. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Idan bai shigo ta baki ba, jiki zai ɗebo daga cinya da kumatu ya ba yaro.

Don ki san ko kin rame da gaske ko kuwa bakin mutane ne, hau sikeli, ki raba nauyinki da tsayinki sau tsayinki. Mai kilo 45 da tsayin mita 1.6 za ta raba 45 da 2.56, ta sami 17.6. Duk abin da ya gaza 18.5 rama ce a ma'aunin likitoci, kuma mai wannan tsayin sai ta wuce kilo 47 za ta fita daga layin. Ƙaruwa mai kyau ba ta wuce kilo ɗaya zuwa biyu a wata. Wanda ya yi miki alkawarin kilo biyar a mako biyu, ruwa zai sayar miki.

Kafin ki sayi komai

Ba a zuba ruwa a tulun da yake yoyo sai an nemi inda ya tsage. Akwai cututtukan da suke rama maijego duk yawan cinta, kuma babu kunun da zai yi maganinsu.

Ƙarancin jini ya fi yawa, musamman ga wadda ta zubar da jini sosai wurin haihuwa ko ta yi rurrutsa: jiri, kasala, tafin hannu da cikin ido su yi fari, abinci ya fita a rai. Akwai kumburin tayirod, ƙwayar nan da take gaban maƙogwaro, wanda yake kama kusan mace ɗaya cikin ashirin bayan haihuwa, galibi daga wata na farko zuwa na huɗu. Alamarsa faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rashin barci, ga ci amma ga rama. Tarin da ya wuce mako biyu da zufar dare da zazzaɓin yamma yana buƙatar gwajin tibi, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware masa. Haka gwajin ƙanjamau, ko da an yi lokacin awon ciki. Yawan fitsari da ƙishirwa yana nuni ga suga. Sai damuwa, wadda mu ba mu cika kiranta ciwo ba: kuka ba dalili, rashin jin daɗin komai, ki kalli abinci ki ji kamar magani.

Wata alama kuma kada ki yi murna da ita. Idan ƙafafu suka kumbura, sikeli ya hau, kina haki in kin kwanta rigingine, wannan yana iya zama ciwon zuciyar masu jego, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suna zargin zafin wankan jego da gishirin kunun kanwa. Wani bincike na baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta, aka buga a 2020, ya sa rama cikin abubuwan da suke ƙara haɗarin kamuwa da shi. Ramar maijego ba maganar ado ce kawai ba ke nan.

Ni da na je, ƙarancin jini aka samu, aka ba ni ƙwayar ƙarin jini. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne tambayar da nas ɗin ta yi: "Hajiya, tun safe me kika ci?" Ƙarfe ɗaya ta wuce, kuma kofin koko ne kawai a cikina. A kwana arba'in ɗin da na yi a gidanmu, gasasshen nama da yajin jego, tuwo da man shanu, farfesun ƙauri, kunu tun da asuba, Innarmu tana tsaye a kaina sai na cinye. Ranar da na koma ɗakina hidimar ta ƙare, shayarwa kuwa a lokacin ta kankama. Na koma mai dafa wa kowa, mai cin ragowar tukunya a tsaye. Yawancin ramar da nake gani a 'yan'uwa daga nan take farawa, bayan arba'in.

Zaɓi na farko: abincin gida da aka ƙara wa nauyi

Ba cewa aka yi ki ninka malmalar tuwo ba. Cikin da ya saba da kaɗan ba zai ɗauka ba, kuma tuwo da koko ruwa ne ya fi yawa a cikinsu. Dabarar ita ce ki bar ci ukun nan yadda yake, ki cusa ƙananan ci uku a tsakani, kuma kowanne ya zama mai maiƙo ko mai gina jiki.

Ga lissafin da ya buɗe mini ido. Cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa, wajen giram 30, kalori 170 ne. Dafaffen ƙwai biyu, 150. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu a kan abinci, kusan 120. Cokali uku na garin madara mai maiƙo a cikin kunu, wajen 140. Dabino biyar, kusan 100. Ki tara, kin kai 680, wato abin da hukumomin nan suka ce ramammiyar mai shayarwa tana buƙata, kuma babu ɗaya a ciki da sai kin hura wuta ta musamman dominsa, in ban da ƙwan.

Daga nan kowa da abin da ya fi kusa da hannunta. Fura da kindirmo da rana, awara da yamma, alala ko ƙosai da koko maimakon koko tsura, ɗanwake da mai da ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli mai yawa, kantun riɗi ko dakuwa a ajiye kusa da inda kike zama ki ba da nono. Wake da waken suya da busasshen kifi suna yin aikin nama a gidan da nama sai ranar kasuwa. Hanta sau ɗaya a mako tana taimaka wa jini. Shayi kuwa ki raba shi da lokacin cin abinci da na shan ƙwayar ƙarin jini, domin yana rage yadda jiki yake zuƙar sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake yin jini.

Wadda take son abin da za ta dama cikin minti biyar, ta yi garin da ake kira Tom Brown: awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a haɗa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. A soya kowanne daban sama-sama, a surfe waken a fece ɓawon, a kai inji. Wahalar yini ɗaya ce, sai ki yi makonni kina damawa. Ni ƙanwata na kira ta yi mini, na saka mata da turare.

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kai shi sauƙi. Kilo ɗaya na gyaɗa yana ɗauke da kalori sama da 5,600, ya ninka abin da yake cikin gwangwanin garin kanti mai giram 400 har sau uku. Jikin da aka yi da abinci kuma yana tsayawa, musamman in kina ɗan motsa jiki, ko da tafiya ce da goyo. Aibinsa biyu. Yana da jinkiri, ni sai a mako na biyar na ga sikeli ya motsa, kuma yana buƙatar wani ya kama miki aiki, in ba haka ba abin da kika ci zai tafi a wanki da ɗiban ruwa. Haɗarinsa kaɗan ne amma akwai: gyaɗar da ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar, gubarta tana taɓa hanta, nonon shanu kuma a tabbata an tafasa shi kafin a kwantar. Mai hawan jini ta rage kanwa da dunƙule.

Zaɓi na biyu: gwangwanin kanti

Nan akwai iri biyu da ake haɗawa a baki. Akwai irin su Ensure da Complan, waɗanda aka haɗa su don marasa lafiya da masu ƙarancin ci, akwai kuma garin madara irin su Peak da Nido da ake haɗawa da Milo ko Bournvita.

Na farkon abinci ne na gaske, da sinadarin gina jiki da bitamin a auna, kuma amfaninsa babba ne ga wadda cin ya gagara, kamar wadda aka yi wa aiki ko ta tashi daga jinya. Kofi ɗaya na Ensure da aka dama yadda aka rubuta yana ba da kalori wajen 230, gwangwanin giram 400 kuma kofi bakwai ne da ɗan ɗigo. In kina shan biyu a rana, bai kai kwana huɗu ba ya ƙare, wato gwangwani takwas a wata. Ki tambayi kuɗin ɗaya a kanti ki ninka sau takwas kafin ki sa maigida ya fara. Na ga gidaje da yawa da aka sayi ɗaya da zumuɗi, aka dinga tsakurar rabin cokali don ya daɗe, daga ƙarshe aka ce ba ya aiki.

Garin madara mai maiƙo ya fi araha, kuma a ganina ya fi dacewa a ɗauke shi a matsayin abin ƙarawa a kunu, ba abinci mai zaman kansa ba. A duba jikin leda, domin wasu masu arahar an cire man nonon an sa man itace. Maltina da madarar ruwa da ake ba maijego wai don ƙarin jini tana da daɗi kuma tana da kalori, amma yawancinsa sukari ne, ba ta maye gurbin ƙwayar da aka rubuta miki.

Wani abu kuma da nake roƙo a bari: ledar gyaɗar nan ta yara masu tamowa da take ɓulla a kasuwa. An rubuta a jikinta ba ta sayarwa ba ce, kuma duk wadda kika tsotsa daga bakin wani yaro aka zare ta.

Zaɓi na uku: hulba da haɗe-haɗen mata

Hulba tsohuwar aba ce, ana shan ta daga Sudan har Masar, kuma mata da yawa suna cewa tana buɗe musu ciki tana kawo nono. Ba ta da tsada, dafa ta ba wuya. Sai dai ita kanta ba ta ɗauke da abin da zai zama jiki, cokali ɗaya ne a ruwa. Waɗanda na ga ta yi wa amfani, da madara da zuma da dabino suke shan ta, sai na rasa wa zan yaba a cikinsu. Tana iya kawo gudawa da kumburin ciki, tana sa warin zufa da fitsari ya canza, tana kuma saukar da suga, saboda haka mai shan maganin suga ta yi shawara da likita tukuna.

Inda na fi tsoro shi ne garin "haɗin ƙiba" da ake tallatawa a WhatsApp da Instagram, a roba ba suna, ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da yake ciki. In aya ce da gyaɗa da waken suya, kin sayi abin da za ki iya yi a gida da tsada. In kuwa yana sa barci mai nauyi da cin hauka tun kwana biyu, to ki yi zargin an daka ƙwaya a ciki, kin koma zaɓi na huɗu ba da saninki ba.

Zaɓi na huɗu: sha-ka-fashe

Sunan ma ya isa gargaɗi. Magunguna biyu ne suka fi yawa a ƙarƙashinsa, kuma masu kyamis sukan ƙulla su tare a 'yar leda.

Na farko shi ne cyproheptadine, wanda yake cikin irin su Super Apeti da Apetamin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, buɗe ciki gefen aikinsa ne. Yana sa barci da jiri, takardar da take cikin kwalinsa ta hana mai shayarwa sha, kuma yana iya rage ruwan nono. Ki yi tunanin uwar da ta sha shi ta kwanta da jariri a gefenta. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Apetamin, ta ambaci illa ga hanta da zuciya.

Na biyun ya fi muni, dexamethasone, wanda ake kira deksa. Magani ne mai ƙarfi da likitoci suke ceton rai da shi, amma in aka ɗauke shi watanni don ƙiba, yana tara ruwa da gishiri a jiki, ya tura kitse fuska da ciki da doron wuya, ya cinye tsokar hannu da cinya. Wata maƙwabciyarmu ta sha. A wata na farko har barka ake yi mata, kumatu sun fito, fata tana sheƙi. A wata na uku fuskar ta zama kamar faranti, ƙafafu kamar sillan kara, nankarwa ja ta keto mata a ciki da damtse, ga ƙuraje, ga ƙwannafi. Da aka auna ta, jini ya hau, suga ya hau. Deksa yana kuma raunana garkuwar jiki da ƙashi, yana tayar da gyambon ciki, kuma in akwai tibi a ɓoye sai ya ba shi fili.

Kuɗinsa ne tarkon, domin bai kai na ƙwai biyu ba, na jinyar da za ta biyo baya ne mai yawa. Ranar da aka daina kuma ruwan yana zubewa. Idan kin riga kin fara deksa har kin wuce mako uku, kada ki yanke shi rana ɗaya, yin haka yana iya jefa mutum cikin suma da faɗuwar jini. Ki ɗauki ledar ki kai wa likita ya rage miki a hankali, ba abin kunya ba ne, sun saba gani.

Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma wasu suna ƙara jiki da ita, amma ba kowa ba, kuma ba don haka ake yin ta ba. Tazarar kanta ce take taimako, domin sabon ciki a kan ramammen jiki shi ne yake ƙarasa mace.

| Zaɓi | Abin da yake ƙarawa | Kuɗin wata | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Abincin gida | Tsoka, kitse, jini | Kaɗan zuwa matsakaici | Yana tsayawa | Sai da mataimaki da haƙuri | Kaɗan |
| Ensure, Complan | Tsoka da kitse | Mai yawa ƙwarai | Sai an ci gaba da cin abinci | Minti biyu | Kaɗan, mai suga ta yi shawara |
| Garin madara a kunu | Tsoka da kitse | Matsakaici | Yana tsayawa | Mai sauƙi | Kumburin ciki ga wasu |
| Hulba ita kaɗai | Ɗan buɗe ciki | Kaɗan | Ya dogara da abin da aka ci | Mai sauƙi | Gudawa, saukar suga |
| Haɗi mara suna | Ya danganta da abin da aka zuba | Matsakaici zuwa mai yawa | Ba tabbas | Mai sauƙi | Yana iya zama babba |
| Sha-ka-fashe | Ruwa da kitsen fuska da ciki | Kaɗan, jinya mai yawa | Yana zubewa | Mai sauƙi | Babba ga uwa da jariri |

Wanne ya dace da wa

Wadda take ci sosai amma tana ta zubewa, ko tana tari, zazzaɓi, faɗuwar gaba, haki ko kumburin ƙafa, babu nata a teburin nan tukuna, asibiti za ta fara. Haka wadda abinci ya fita a ranta tare da kuka da rashin barci, ta faɗa wa likita yadda take ji ba tare da rufa-rufa ba, ta kuma faɗa wa wanda ta yarda da shi a gida.

Wadda lafiyarta ƙalau, aiki da shayarwa ne suka cinye ta, kuma ita ce mafi yawa a cikinmu, abincin gida ne nata, da garin madara in hali ya yi. Ta nemi ƙanwa ko 'yar riƙo ta kama mata wanki na wata biyu, ta hau sikeli ɗaya sau ɗaya a mako da safe. Masu cewa ta yaye yaron don ta murmure, in bai kai wata shida ba kada ta saurare su, nono zalla ne abincinsa. Bayan wata shida ya fara cin nasa, nauyin da yake kanta zai ragu da kansa.

Wadda aka yi wa aiki, ko ta yi jinya cin ya gagara, kuma aljihu zai ɗauka, gwangwanin Ensure ko Complan na mako biyu zuwa huɗu yana da amfani a matsayin gada, ana sha tsakanin abinci har cin ya dawo. Mai son hulba ta saya tsabarta da kanta ta dafa, ta bar ta robar da ba suna. Ma'aikaciya ko ɗalibar da take wuni a waje ta dama Tom Brown da madara a filas, ta ƙulla gyaɗa da dabino a jaka, ta sa wayarta ta buga mata ƙararrawa ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe huɗu.